Ɗafa-goshin da Ya Ɗauki Mutum Biyu: Daga Tunuga Zuwa Wendake

A kasuwannin yankin Gaya, daga Tunuga har Kamba da Malanbil, harsuna da dama sukan haɗu a kan ciniki ɗaya, kuma kowanne da yadda yake nuna wanda ake magana a kansa. Bahaushe sai ya bambanta "ka saya" da "kin saya". Bazabarme da Badende ba ruwansu da jinsi: "a" ɗaya ta ishi namiji da mace. Bafulatani kuwa "mu" biyu gare shi, "en" idan har da kai, "min" idan ban da kai.

Akwai harshen da ya tattara irin waɗannan bambance-bambance, ya ƙara da wasu, ya cusa su a goshin aikatau. Shi ne Wendat, harshen mutanen da Faransawa suka kira Huron, waɗanda zuriyarsu ke zaune a Wendake, kusa da birnin Kebek na Kanada.

A Hausa lamiri yana tsayawa da ƙafarsa: "ya gan ta" kalma uku ce. A Wendat kuwa aikatau ba ya fitowa sai da ɗafa-goshin wakilin suna manne da shi, don haka kalma guda takan zama jimla sukutum. Ɗafa-goshin ne ke faɗin ko mutum ɗaya ne, ko biyu, ko fiye (wanda ya yi nahawun Larabci a zaure zai tuna da musanna). Shi ne ke raba "mu" irin na Fulani, ya kuma nuna jinsi.

Inda abin ya fi daɗi shi ne rabon aikau da karɓau. Namijin da ya yi aiki da kansa yana ɗaukar "ha-", wanda abu ya auka wa kuma "ho-". Mai rashin lafiya yana cikin rukuni na biyu, kuma wannan ba baƙo ba ne ga mai cewa "zazzaɓi ya kama shi". Sannan ga rukuni na uku, inda ɗafa-goshi ɗaya tak ke ɗauke da mutum biyu, "ni gare ka" ko "shi gare mu". Su gommai ne, kuma kowanne yana sauya kama gwargwadon sautin da saiwar aikatau ta fara da shi. Limaman mishan na Jezuwit da suka nazarci harshen sun kasa saiwoyin gida biyar.

Rubuce-rubucen 'yan mishan ne suka yi rana. Gabriel Sagard ya buga ƙamusunsa a 1632, Pierre Potier, wanda ya rasu a 1781, ya bar nahawu da jerin saiwoyi. Yaƙi ya tarwatsa mutanen Wendat a 1649, kuma kafin ƙarni na 19 ya ƙare an daina jin harshen a Wendake. Da aka fara shirin Yawenda na farfaɗo da harshen a 2007 tare da Jami'ar Laval, takardun nan aka koma wa, ana gwada su da harsunan dangi irin su Mohawk don gyara abin da kunnen Bafaranshe ya kasa kamawa. A ganina jadawalin ɗafa-goshin ya fi ƙamus amfani a wannan aiki, domin mai sunaye dubu ba zai iya cewa "na gan ka" ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Kyangawa tsofaffin mazauna yankin Gaya ne, harshensu ɗan gidan Mande ne, dangin Busa da Boko. Yau mafi yawansu Hausa ko Dendi suke yi, masu jin Kyanganci sun rage a 'yan ƙauyuka a jihar Kebbi da arewacin Benin. Ɗalibin da zai je can da na'urar ɗaukar murya, kada ya tsaya ga tambayar sunan gero da kwalekwale. Ya sa tsofaffi su ce "na ba ka", "kin ba ni", "za su ba mu", su maimaita a kowane lokaci, da korewa da tambaya, ya kuma ɗauki tatsuniya daga farko har ƙarshe.