Me Ya Sa Kiran Asuba Ke Yin Nisa?

Ranar hawan sallah, wanda ya tsaya nesa da 'yan bindigar Sarki zai fara ganin hayaƙi, sai daga baya ƙarar ta iso masa. Sauti tafiya yake yi. Idan aka bugi tambari, fatar ce ke karkarwa, ta tura iskar da ke gabanta, waccan ta tura ta gaba, har turin ya taɓa dodon kunne. A iska mai ɗumin digiri 20 yana cin kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, a ruwa kuma kusan 1,500. Inda babu iska ko wani abin da zai ɗauki sautin, babu ji: a 1660 Robert Boyle a Ingila ya zuƙe iskar wani tulun gilashi, sai ƙarar agogon da ke ciki ta ɓace.

Mazauna unguwar Soron Ɗinki sun san yadda kiran asuba daga masallatai masu nisa ke shigowa ɗaki tar-tar, alhali da azahar da ƙyar ake jinsu. Akan ce ai gari ne ya yi shiru. Gaskiya ne, amma da sauran bayani. Cikin dare ƙasa na hucewa, musamman da hunturu, sai iskar da ke kanta ta fi ta sama sanyi. Sauti ya fi gudu a iska mai ɗumi, don haka ɓangarensa na sama yakan riga na ƙasa, sai ya lanƙwaso ya sauko kan gidaje. Da tsakar rana kuwa ƙasa ta ɗau zafi, al'amarin ya juye, muryar ladan ta karkata sama.

Ginin unguwa ma na da hannu. Sauti mai kauri irin na tambari yana iya zagaya kwana ya bi lungu, siririn sauti kuwa katanga ke tare shi. Kuma katangar ƙasa mai kauri ta fi rufin kwano da siririn bulo tare hayaniyar waje nesa ba kusa ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke ƙure lasifika da kunna janareta a lungun da bai kai taku uku ba, inda bango ke mayar wa bango amo. Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, in aka jima ana shan ta awa takwas kullum, tana lalata 'yan gasun da ke cikin kunne, kuma waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa.