Kore mai duhu a bangon falo: Abin lura kafin a buɗe bokitin fenti

Wanda ya saba shiga gidajen haya a Kubwa, Lugbe ko Gwarinpa ya san launin da masu gida suka fi so: fari ko ruwan madara. Sai dai a 'yan shekarun nan kore mai duhu, irin na tsohon ganyen mangwaro, ya fara samun gurbi a falo da ɗakin karatu. Yana sanyaya ido, yana kuma fito da kyan kujerun katako, tabarmar kaba da kayan tagulla.

Amma launin yana da sharuɗɗa. Farin bango yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, shi kuwa kore mai duhu da ƙyar yake mayar da kashi 10 zuwa 15. Ɗakin da tagarsa ƙarama ce zai koma kamar kogo da zarar an ɗauke wuta. Shi ya sa masu fenti ke ba da shawarar a shafa shi a bango ɗaya, a bar rufi da sauran bangwaye da launi mai haske. Ƙwan lantarki mai haske ruwan ɗorawa yana ƙara masa armashi, mai farin haske kuwa yana dusashe shi.

Yanayin Abuja ma abin dubawa ne. Ƙurar hunturu tana bayyana ƙarara a bango mai duhu, don haka fentin da ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma ya fi dacewa. Bangon da ke shan danshi da damina kuwa yakan fitar da farin gishiri, sai an magance danshin tukuna.

Akwai kuma batun aljihu. Tun bayan da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus na gidaje zuwa kuɗi a 2003, aka kuma sayar da gidajen gwamnati, ma'aikata da dama haya suke yi. Kore mai duhu yana buƙatar shafi biyu zuwa uku, mayar da shi fari ranar tashi kuma yakan ci fiye da haka. Ɗan hayar da bai nemi izinin mai gida a rubuce ba zai iya rasa kuɗin ajiyar da ya bayar.

Mafi muhimmanci shi ne lafiyar yara. An daɗe ana haɗa wani nau'in koren fentin mai da sinadarin rawaya mai ɗauke da dalma, wadda ke illata ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Ga bangon cikin gida, fentin ruwa ya fi aminci, kuma ya kamata a karanta jikin gwangwani. Idan tsohon fentin mai ne a bangon, kada a kankare shi a bushe yara suna cikin gidan.

Kafin a sayi bokiti mai lita 20, gwamma a sayi ƙaramin gwangwani, a shafa a gefe guda, a duba shi da safe, da rana da kuma dare.