Gardamar shan gas: awon wa za a yarda da shi?

Duk inda masu a-kori-kura suka haɗu, kamar bakin tashar Ƙofar 'Yandaka da ke kan hanyar Batsari, ba a rasa gardamar wace mota ce ba ta shan gas. Wannan ya ce Hilux, wancan ya rantse da L200. Ba su da laifi, domin an daɗe da sakar wa kasuwa farashin gas a Najeriya, tun kafin a cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Sai dai ba kasafai ake tambayar yadda aka yi awon ba.

Dillali kan kafa hujja da alƙaluman kamfani. To, waɗannan a ɗakin gwaji ake samo su, mota na tsaye tayoyinta na juyawa a kan na'ura, babu gargada, babu buhunan masara a baya. Turawa ma sun ga tsohon gwajinsu ya yi hannun riga da abin da ke faruwa a titi, shi ya sa Tarayyar Turai ta fara sauya shi a watan Satumbar 2017. Akwai kuma ha'inci: a 2016 kamfanin Mitsubishi ya amsa cewa ya murɗe alƙaluman shan man wasu ƙananan motocinsa a Japan. Ko galan ɗin da ake awon da shi ma ba ɗaya ba ne. Na Amurka kusan lita 3.8 ne, na Ingila ya ɗan haura 4.5, don haka wanda ya gwama rahoton ƙasashen biyu bai lura ba ya zalunci mota ɗaya.

Namu gwajin na gida ya fi rauni. Mutum ya sha mai, ya je Batsari ya dawo, ya dubi allura ya ce ai ba ta motsa ba. Allura ba ma'auni ba ce. Gas kuma yana kumfa idan ana zuba shi, sai famfo ya tsaya alhali tanki bai cika ba, musamman in motar ta karkace. Ka ɗauka an yi kuskuren lita 1: a gwajin lita 10, kashi goma cikin ɗari ke nan, wanda ya isa ya mayar da ta baya gaba. A lita 60 kuwa bai kai kashi biyu ba. Wanda ya sa manyan tayoyi, mitarsa za ta nuna tafiyar da ba ta kai wadda ya yi ba, sai ya yi ta zagin motarsa a banza. Balle a zo ga ƙafar direba, wani kamar yana gaba da totur.

Mai son gaskiya ya cika tanki a gidan mai ɗaya, famfo ɗaya, ba wurin 'yan bumburutu ba. Ya rubuta abin da mita ta nuna, ya yi aikinsa na yau da kullum, ya sake cikawa, ya raba kilomitar da litar. Ya maimaita a tankuna da dama kafin ya buɗe baki. In motoci biyu ake gwamawa, su bi hanya ɗaya zuwa da dawowa, lodi ɗaya, iskar taya daidai, a kuma yi musayar direbobi.

Mai shirin sayen mota, kafin ka biya, ka nemi a yi wannan awon a gabanka, da irin kayan da za ka riƙa ɗauka.