FASHIN BAƘI: Wane irin kare ya dace da gidan da ke da yara? Abin da ya kamata iyaye a Kamazou su sani kafin su saya

A unguwannin kudancin birnin Kaduna irin su Kamazou, Janruwa, Mahuta da Sabon Tasha, kare ya shiga sahun kayan tsaron gida, tare da doguwar katanga, waya mai ƙaya da fitilar sola. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Kamazou tana cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, inda 'yan bindiga suka sace ɗaliban Jami'ar Greenfield a watan Afrilun 2021, sannan suka kwashe ɗalibai fiye da 120 daga makarantar sakandaren Bethel Baptist a watan Yulin shekarar. Magidancin da ya gina gida a bakin gari, kewaye da kangwaye da filayen da ba a gina ba, yana da hujjar neman abin da zai tashe shi idan an taɓa ƙofarsa da dare.

Sai dai gidan da ake kai wa karen akwai yara a cikinsa. Ɓarawo ƙila ya zo sau ɗaya, ƙila ma kada ya zo, amma yaro yana tsakar gida kullum, safe da yamma. Don haka tambayar da ta kamaci uba ko uwa ita ce: wane kare ne zai zauna da 'ya'yana shekara goma ba tare da ya illata su ba?

Sunan jinsi ba ya tabbatar da hali

Masu sayar da karnuka kan tallata su da sunan jinsi: wannan mai haƙuri ne, wancan mafaɗaci ne. Binciken kimiyya ya rage wa wannan magana ƙarfi. A shekarar 2022, mujallar Science ta wallafa wani nazari da masana a Amurka suka yi kan karnuka fiye da 18,000, inda suka gano cewa jinsi yana bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kacal na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Ragowar ya danganta da abin da kowane kare ya gada daga iyayensa, da yadda aka rene shi, da irin gidan da ya tashi.

Wani nazarin da mujallar Ƙungiyar Likitocin Dabbobi ta Amurka ta buga a 2013 ya duba mutuwar mutum 256 sakamakon cizon kare tsakanin 2000 da 2009. A kusan kashi 87 cikin 100 na lamuran, babu wani babba mai ƙarfi a wurin da zai raba. A kusan kashi 84, ba a fiɗiye karen ba. A kusan kashi 76 kuma, karen ya rayu ne a ware, ba ya samun kyakkyawar mu'amala da mutanen gida. Duk waɗannan abubuwa ne da ke hannun mai kare.

Abin da jinsi ke nunawa tabbas shi ne girman da kwikwiyo zai kai, da yawan gashinsa, da irin aikin da aka samar da kakanninsa domin shi. A nan ne zaɓi ke da muhimmanci.

Nauyi, gashi da zafin Kaduna

Yaro ɗan shekara huɗu yana da nauyin kusan kilo 16. Namijin Boerboel, wanda manoman Afirka ta Kudu suka samar domin gadin gona, yakan haura kilo 60. Namijin Caucasian Shepherd, karen makiyayan tsaunukan Kokeshiya da aka tanada domin fafatawa da kyarkeci, yakan wuce kilo 50, Rottweiler ma yakan kai kusan haka. Kare mai wannan nauyi yana iya kayar da yaro ko da wasa yake yi, idan kuwa ya yi cizo, bakinsa daidai yake da fuska da wuyan yaron. Akwai masu riƙe irin waɗannan karnuka lafiya lau, amma suna da gogewa, da fili, da lokacin horo. Ba su dace da wanda bai taɓa riƙe kare ba, balle gidan haya da ake tarayya a tsakar gida ɗaya. A shekarar 2014, karnuka sun yi wa wani yaro ɗan shekara huɗu mummunan rauni a kai a unguwar Igando da ke Legas, a cikin gidan da iyayensa ke zaune, har sai da aka fitar da shi ƙasar waje neman magani.

German Shepherd, wanda aka fi sani da Alseshan, namijinsa yana tsakanin kilo 30 zuwa 40. Yana da saurin ɗaukar horo, shi ya sa 'yan sanda da sojoji a ƙasashe da dama ke aiki da shi. Yakan shaƙu da mutanen gida idan ya tashi a cikinsu, amma yana buƙatar motsa jiki kowace rana, kuma idan aka bar shi a kulle babu aiki sai ya zama mai zafin rai. Labrador ya yi suna wajen sanyin hali da son wasa da yara, kuma gajeren gashinsa yana taimaka masa a lokacin zafi. Rauninsa shi ne yakan karɓi baƙo hannu bibbiyu.

Ƙananan karnuka irin Lhasa Apso da wanda ake kira Eskimo suna da kunne da yawan haushi, abincinsu kaɗan ne, kuma ɓarnar da cizonsu zai yi ba ta kai ta manya ba. Amma yaro mai jan jela ko ɗaga kare sama yana iya ji musu ciwo, su kuma su rama. Dogon gashinsu yana son tajewa a kai a kai, domin a cikinsa kaska ke ɓuya.

Batun gashi ba na ado ba ne kawai. A watannin Maris da Afrilu zafin Kaduna kan haura digiri 35. Kare ba ya zufa a jiki kamar mutum, da haki yake rage zafi. Kare mai kaurin gashi da aka samar domin ƙasar ƙanƙara yana shan wahala a wannan yanayi, haka ma masu dunƙulallen hanci irin Pug da Bulldog, waɗanda numfashi ke yi wa wuya. Dabbar da ke cikin wahala kuwa haƙurinta gajere ne.

Karen gida da ake rainawa

Karen da ya fi dacewa da yawancin gidaje sau da yawa shi ne wanda ba a ɗauka da daraja: karen gida na ƙasar nan, mai gajeren gashi da matsakaicin jiki, wanda mafarauta da makiyaya suka daɗe suna tafiya da shi. Ya saba da zafin ƙasar, cinsa bai kai na manyan karnukan waje ba, kuma yana da kunnen da ke jin motsi tun daga nesa. Mummunan sunan da ya yi ya samo asali ne daga yadda ake sakinsa yana yawo a bola babu allura, babu mai kula. Idan aka ɗauke shi tun yana kwikwiyo, aka yi masa allurai, aka rene shi cikin mutane, yana yin aikin da ake bukata.

Aikin kuwa shi ne haushi. Babu karen da zai tare mutanen da suka zo da bindiga, komai girmansa. Amfanin kare a daren tashin hankali shi ne ya tashi mutanen gida da maƙwabta da wuri, a samu damar kiran 'yan sintiri ko jami'an tsaro. Kare mai kilo 18 yana yin wannan daidai da mai kilo 70.

Haɗarin sarƙa da keji

Al'adar da ta yaɗu ita ce a kulle kare a keji ko a ɗaure shi da sarƙa yini guda, a hana shi ganin kowa wai don ya yi zafi, sannan a sake shi da dare. Irin wannan kare bai san bambancin ɓarawo da ɗan maƙwabci da ya shigo ɗaukar ƙwallo ba, wani lokaci ma bai san yaran gidan ba. Ranar da aka manta ba a rufe keji ba, ko yaro ya fito fitsari da asuba, ranar ce ake jin kuka.

Wannan ya shafi gidajen Musulmi musamman, inda kare ke zama a waje. Hadisai sun yi rangwame kan karen farauta, na kiwo da na gona, malamai da dama kuma sun yi kiyasin gadin gida a kansu idan akwai bukata. A mazhabar Malikiyya, wadda ta fi rinjaye a ƙasar Hausa, ba a ɗaukar kare mai rai a matsayin najasa, ko da yake ana wanke mazubin da ya sa baki a ciki sau bakwai. Ajiye kare a tsakar gida ba laifi ba ne ga lafiyarsa, muddin yana da inuwa da ruwa, yana kuma ganin mutanen gidan suna yi masa magana, suna fita da shi kowace rana.

Kafin a biya kuɗi

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makonni 3 zuwa 14 na farkon rayuwar kwikwiyo su ne lokacin da yake koyon wane ne abin tsoro, wane ne ba abin tsoro ba. Don haka gidan da ke da yara ya fi kyau ya ɗauki kwikwiyo maimakon babban karen da ba a san tarihinsa ba, amma kada a raba shi da uwarsa kafin ya cika mako 8.

Mai saye ya je da kansa ya ga uwar. Idan tana gurnani ga kowa, ko tana ɓuya saboda tsoro, a haƙura da 'ya'yanta. Ya nemi katin allura mai ɗauke da sa hannun likitan dabbobi, domin cutar parvo, mai sa amai da gudawar jini, tana kashe kwikwiyon da ba a yi wa rigakafi ba cikin 'yan kwanaki. Allurar farko tana farawa ne tsakanin mako 6 zuwa 8. Ya kuma yi lissafin aljihunsa: kare mai kilo 60 yana iya cin abin da ya kusa kilo ɗaya na busasshen abinci a rana, ban da maganin kaska da na tsutsar ciki, kuma zai yi shekara goma ko fiye yana ci. Wanda ke haya ya fara tuntuɓar mai gida da sauran 'yan haya, tunda yaransu ma a nan suke wasa.

Ciwon haukan kare

Babu jinsin da ya tsira daga wannan cuta, na gida ko na waje. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna tana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunta, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu wanda ke tashi.

Ana yi wa kwikwiyo allurar rigakafinta idan ya kai wata uku, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan allura a cikin gida, kuma a Zariya akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello ga mai neman ƙwararru.

Idan kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar, kamar Babban Asibitin Sabon Tasha ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, a nemi allurar bayan cizo. Toka, barkono ko ganye ba sa kashe ƙwayar cutar. Idan karen na gida ne, a killace shi likitan dabbobi ya sa masa ido kwana 10, amma kada a jinkirta kai yaron asibiti ana jiran sakamako. Iyaye su kuma sabar wa yara faɗin gaskiya, domin yaro yakan ɓoye ƙaramin cizo saboda tsoron duka, cutar kuwa tana iya yin wata biyu ko uku kafin ta nuna kanta.

Dokar gida

Ko wane kare aka zaɓa, kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da shi, ko na ɗan lokacin shiga ɗaki a fito. A koya wa yara kada su taɓa kare yana cin abinci, yana barci, ko karya tana shayarwa. Kada su hau bayansa, kada su ruga da gudu idan ya nufo su. Idan kare ya yi gurnani, gargaɗi yake yi, sai a janye yaron a nemi dalili. Dukansa a kan gurnani yana koya masa ya yi cizo ba tare da sanarwa ba.

Gidan da ke da jariri ko yaro mai rarrafe, kuma babu babban da zai ɗauki nauyin karen kullum, gara ya jinkirta sayen har yaran su tasa, ya sa kuɗin a ƙofar ƙarfe, fitila da kuɗin sintirin unguwa.