Alƙibla a Cikin Kumbo: Me Ya Sa Ya Kamata Ɗaliban Islamiyya Su Ziyarci Masana Sararin Samaniya

Idan makaranta ta shirya fita da ɗalibai, galibi gidan zu ake nufa ko gidan tarihi, a ɗauki hotuna a dawo. Ba kasafai ake jin an kai yaran Islamiyya hedkwatar hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA da ke Abuja ba, alhali tun 1999 aka kafa ta, kuma tana da cibiya a Jos da wata a Toro ta jihar Bauchi. A ganina wannan babban rashi ne, domin yaron da ya karanta babin salla ya riga ya riƙe tambayoyin da suka fi dacewa a shiga wannan fage da su.

Abin da ya faru a Malesiya ya isa hujja. A watan Oktoban 2007, cikin goman ƙarshe na Ramadan, likita Sheikh Muszaphar Shukor ya tashi zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Tashar tana shawagi kimanin kilomita 400 sama da mu, tana zagaye duniya kowane minti 90, don haka rana na fito wa mazaunanta sau 16 cikin awa 24. To, yaushe ne azahar? Ina alƙibla, ga wanda ke keta sarari da gudun kusan kilomita 28,000 a awa ɗaya? Yaya ake alwala inda ruwa ba ya zuba ƙasa? Malesiya ba ta kawar da kai ba. Tun 2006 ta tara malaman addini da masana kimiyya wuri guda, suka fitar da jagora: ya bi lokutan wurin da kumbon ya tashi, ya fuskanci Ka'aba gwargwadon iko, in ya gagara ya fuskanci duniya, ya yi taimama, azumi kuma yana da damar ramawa. Malamin bai iya yanke hukunci ba sai da injiniya ya fayyace masa yadda tashar ke tafiya, shi ma injiniyan bai iya amsa tambayar ɗan sama-jannatin shi kaɗai ba.

Wasu iyaye na fargabar irin wannan ilimi zai girgiza imanin yaro. Tarihi bai goyi bayan fargabar ba. Neman alƙibla da lokutan salla ne ya tura magabata irin su Al-Battani da Al-Biruni ga lissafin kusurwa da auna girman duniya, kuma Katsina ta fitar da Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741. Abin tsoron na gaskiya wani ne daban: a ciyar da yara da labaran ƙarya da sunan ƙarfafa imani, kamar jita-jitar nan cewa Neil Armstrong ya ji kiran salla a duniyar wata ya musulunta, wadda shi da kansa ya ƙaryata. Ranar da yaro ya gano an yaudare shi, sai ya fara shakkar har abin da yake gaskiya. Ga kuma labarai na haƙiƙa da suka fi wancan armashi: Sultan bin Salman na Saudiyya, Musulmi na farko da ya je sararin samaniya a 1985, da Rayyanah Barnawi da ta je a 2023.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na kuɗi da tsaro: makarantar da ba ta da benci, ta yaya za ta ɗauki hayar mota zuwa Abuja, a kan hanyoyin da iyaye ke tsoro? Wannan magana ce mai tushe, kuma ba kowace makaranta za ta iya ba. Amma yaron da ya zauna gaban injiniyan da ke karɓar hotuna daga tauraron ɗan'adam, ya ji cewa injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa NigeriaSat-X da aka harba a 2011, ya ga yadda hoton ke nuna ambaliya da kwararar hamada, zai daina ɗaukar wannan aiki a matsayin na Turawa kaɗai. Wanda bai sami zuwa ba kuwa, filin makaranta ya ishe shi. Daga Kano alƙibla na kan kusurwar digiri 68 daga arewa, wato ba gabas sak ba. A ranar 27 ko 28 ga Mayu, da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, rana na tsayuwa daidai saman Ka'aba. Malami ya kafa sanda a tsaye, yara su zana inuwarta a ƙasa, su juya mata baya su fuskanci rana, sannan su je su gwada layin da mihrabin masallacin unguwarsu.