Tsakanin allo da lakwal: abin da ke cin ran matasan Magarya da Dungas

Ƴan kasuwar Magarya da Dungas ba su manta da farkon shekarar 2023 ba, lokacin da Najeriya ta sake manyan takardun naira. Mutum na riƙe da damin kuɗi na guminsa, ya shiga kasuwar Maigatari ran Alhamis, mai dabba ya dubi tsofaffin takardun ya kau da kai. Kuɗin na gaske ne, amma a ranar ko akuya ba su saye. Duk wanda ya ɗanɗani wannan takaici ba zai sha wuyar gane halin da matasa da yawa na waɗannan gundumomi biyu ke ciki ba. Su ma suna riƙe da dukiya, ta harshe da ilimi da tarbiyya, sai dai wurin da aka tura su da ita ba ya karɓa.

Wani masanin zaman jama'a na Faransa, Pierre Bourdieu, wanda ya rasu a 2002, shi ya kira wannan dukiya jarin al'ada. A littafin da suka fitar da Jean-Claude Passeron a 1964 a kan ɗaliban jami'o'in ƙasarsu, sun nuna cewa ƴaƴan manya na shiga makaranta da guzurin da suka samu a gida: irin maganar da malami ke so, sabo da littafi, sanin yadda ake tsayawa gaban hukuma. Makaranta kuwa sai ta auna wannan guzuri ta sa masa suna hazaƙa, wanda bai zo da shi ba ta ce daƙiƙi ne.

Idan haka ta faru tsakanin Faransawa masu harshe guda, ina ga ƙasar da harshen aji daban, na gida daban? Ƙidayar 2012 ta ba Magarya mutum sama da 570,000, Dungas kuma, wadda aka ɗaga ta zama gunduma a 2011, sama da 350,000, akasarinsu manoma da makiyaya. Ɗan ma'aikaci a cikin garin Magarya yana jin Faransanci tun yana goye, ubansa ya san ma'anar kowace lamba a takardar sakamako. Ɗan manomi daga Dogo-Dogo ko Guci shi ma ba hannu sake ya zo ba: ya haddace izu biyu ko uku, ya san shuka da firi, ya iya gaida manya, bakinsa cike da tatsuniya da karin magana. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke kawo maki. Tsofaffin ƴan lakwal suna tune da sambol, abin nan da ake rataya wa yaron da Hausa ta suɓuce masa a aji. Darasin da ya bari a zukata, cewa maganar gidanku abin kunya ce, ya fi sambol ɗin kansa daɗewa.

Wahalar tana tsananta ne a shiga kwaleji. Yaron da ƙauyensu babu kwaleji sai an nema masa mai masauki a gari, inda yakan zama ɗan aike da ɗebo ruwa, ya shiga aji da yunwa, ya yi shiru don kada a yi dariyar Faransancinsa. Shekarun nan kuwa su ne mafi hatsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin cututtukan ƙwaƙwalwa na somawa kafin a wuce shekara 14, kuma ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 a duniya na fama da wani nau'insu, musamman tsananin damuwa da fargaba.

Sai a kwatanta samari biyu da suka komo gida. Na farko ya yi gabas ko Kano da allonsa, ya sauke, ya dawo. A bakin tagar ofis sai da tafinta, gaskiya ne, amma a ƙauye yana da tabarma: shi ke jan salla in liman ba ya nan, ana kiransa wajen suna da ɗaurin aure, ana ce masa malam. Na biyu ya kai aji na ƙarshe a kwaleji, ya faɗi brebe sau biyu, aka sallame shi. Hannunsa bai saba da hauya ba, allonsa ya tsaya tun a ƙananan surori, Faransancinsa bai isa neman aikin gwamnati ba. Ubansa ya sayar da awaki a kansa, kuma kowa a gidan ya sani. Ya yi biyu babu. Shi ne wanda barci ke ƙaurace wa, ya daina cin abinci da ƴan'uwa, ya yi fushi a kan abin da bai kai ba. Talaucin su biyun ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne ɗaya yana da wurin da ake ganin girman abin da ya sani.

Da can akwai wasu wuraren. Samariya, wadda Seyni Kountché ya farfaɗo da ita bayan 1974, duk da cewa igiyar mulki ce, ta ba saurayi muƙami da gayya da dandali, inda mai ƙarfin noma ko kokawa ko iya magana ke samun suna ba tare da takarda ba. Ta dushe bayan Taron Ƙasa na 1991, fada ta maye gurbinta. Masu wucewa a mota suna ganin zaman banza ne da butar shayi. Adeline Masquelier, wadda ta rubuta littafi guda a kan fada a 2019, ta ga wurin da samari marasa aiki ke gina wa kansu mutunci, suna taimakon juna ranar biki da ranar rashi. Wannan ba ya wanke fadar da tramol ya shiga, kuma ya shiga da yawa, tun da kan iyaka na kusa kuma ƙwayar ba ta da tsada.

Ƴan mata kuwa damuwarsu ba kasafai ake kiranta da sunanta ba. Yarinyar da ake ja tsakanin aji da aure, in ta yanke jiki ta faɗi a makaranta, abin da aka sha gani a makarantun Nijar, sai a ce iska ce. A kai ta wajen malam a yi rubutu da ruƙiyya, ko a lallaɓa wajen ƴan bori. Asibitin ƙasa na Damagaram yana da nisan kimanin kilomita 90 daga Magarya, kuma iyali ba su ɗaukar wannan hanya sai abin ya kai ga ɗauri da igiya.

Hukuma ta daɗe da sanin inda gizo ke saƙa. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a firamare, kundin da aka zartar a Maris 2025 kuma ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Amma shekaru 52 ne tsakanin makarantar farko da kundin, kuma cikin duk waɗannan shekaru ba a taɓa rubuta brebe ko jarrabawar shiga aikin gwamnati da Hausa ba. Iyaye a Wacha da Malawa sun lura da haka, ma'aikata ma sun lura, shi ya sa da yawansu ke ɗaure wa ƴaƴansu Faransanci a gida tun kafin su kai shekarun shiga lakwal.