Daga Motar Kara Zuwa Ƙaramin Jirgin Ruwa

Daga Jibiya zuwa bakin teku a Legas tafiyar sama da kilomita 1,000 ce, don haka wanda ya ce zai yi wa mutanen garin zancen ƙera ƙananan jiragen ruwa, ana iya tambayarsa ko ya ɓata hanya ne. Sai dai garin ya fi kusa da jirgi fiye da yadda ake zato. Shinkafar Tailan da Indiya da aka daɗe ana kai ruwa rana a kanta tsakanin jami'an kwastan da 'yan fito a iyakar Magama, a jirgin ruwa ta sauka Kwatano kafin ta iso Maraɗi. Ga kuma madatsar ruwan Jibiya da aka gina a kan kogin Gada a farkon shekarun 1990, inda masunta ke da kwale-kwalensu. Abu na uku, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne hannun yaran garin.

Da kaka, in an gama yankan dawa, yaro kan zaɓi sillen kara, ya fiƙe ɓawon da haƙori ko reza, ya yayyanka totuwar, ya soke ta da tsinkayen ɓawon har sai gingimari ta tashi. Tsohon silifa ya zama taya, murfin kwalba ya zama fitila. Yaron da ya tashi yana kallon tireloli na jiran a buɗe musu hanyar Ɗan Isa ba ya manta madubin gefe, ba ya manta tsanin hawa bodi. Babu wanda ya koya masa zane. To amma ka duba motar da kyau: tayar ta kusa kai tsayin ɗakin direba, bodin kuma ya gajarce. Ya kwaikwayi kama, bai kwaikwayi awo ba, kuma a nan ne wasansa ya rabu da abin da manya a wasu ƙasashe ke kashe shekaru suna yi.

Ƙa'idar masu sha'awar ƙera ƙananan jiragen ruwa guda ce: kowane sashe na jirgi a rage shi da adadi ɗaya. In ka ga an rubuta 1:350 a jikin kwalin ƙaramin jirgi na kamfanin Tamiya ko Revell, ana nufin santimita ɗaya a hannunka tana wakiltar santimita 350 a jirgin gaske. Titanic, wanda ya nutse a 1912, tsawonsa mita 269 ne, ke nan a wannan ma'auni zai fito wajen santimita 77. Bututun hayaƙinsa, da tagoginsa, da igiyoyinsa, duk sai sun bi wannan lissafi. Igiya ɗaya ta yi kauri, ido zai kama.

Abin ya daɗe. A 1920 masu tono sun buɗe wani ɗan ɗaki a kabarin Meketre, wani babban bafade na Masar, kusa da Luksor, suka tarar da ƙananan jiragen katako masu shekaru kusan 4,000, fentinsu bai goge ba. A Ingila, tun ƙarni na 17 ake ƙera wa hukumar sojan ruwa irin waɗannan jirage, galibi a ma'aunin 1:48. Fursunonin yaƙi na Faransa da aka tsare a Ingila zamanin Napoleon kuwa, da ƙasusuwan naman da ake ba su suka riƙa sassaƙa jirage suna sayarwa. A farkon shekarun 1870 injiniya William Froude ya gina dogon tafki a Torquay yana jan ƙananan jirage a ciki don ya auna ƙarfin injin da babban zai buƙata, kuma har gobe masu gina jirage suna yin wannan gwaji.

Ni dai ban ga dalilin da zai sa ɗan Jibiya ya fara da Titanic ba, balle ya jira kwalin roba daga Japan da kuɗinsa zai ci na buhun gero. Muna da namu. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako a ƙarƙashin ƙasa. Da masanan Jami'ar Maiduguri da na Frankfurt suka fito da shi a 1994, sai ga kwale-kwale na itacen maɗaci mai tsawon mita 8.4, wanda ya kai shekara 8,000. Babu jirgin da aka gano a Afirka da ya girme shi. A ma'aunin 1:20, santimita 42 ne kacal, guntun katakon da kafinta zai ba ka kyauta.

Mafi sauƙi ma, ka je bakin dam da tef ɗin tela, ka gaida masunci, ka nemi izinin auna jirginsa. A ce tsawon mita 6 ne, faɗin santimita 80, kaurin katakon santimita 2. Raba kowanne gida 20: tsawo santimita 30, faɗi 4, kauri milimita ɗaya. Wannan milimitar ita ce jarrabawar. Yawancin masu farawa suna barin gefen jirgin da kauri, sai ya fito tamkar akushi. Ka zana shi a takarda ta sama da ta gefe kafin reza ta taɓa komai. Falle-fallen kwali ko siririn filawud sun isa jiki, tsinken tsire ya yi gorar tuƙi, tsohon gidan sauro ya yi taru. Gam kuwa da bakin tsinke ake ɗiga shi, don duk wanda ya malalo zai fito fili da zarar fenti ya hau.

Wajen fenti ake ɓata aikin wata guda cikin minti biyar. A fara goge jikin da samfefa mai laushi, a shafa farin fenti ko ruwan toka a matsayin shimfiɗa, a bari ya bushe. Sannan a tsinka fentin, a shafa sau biyu ko uku, mai haske kafin mai duhu. Shafa ɗaya mai kauri tana cike duk layukan da ka sha wahalar fitarwa. In babban jirgin teku ne, ƙasansa ja ake yi, saboda fentin da ake shafawa a sashen da ke cikin ruwa yana ɗauke da sinadarin jan ƙarfe mai hana tsirrai da ƙwarin ruwa mannewa. In kwale-kwalen dam ne, kada ka yi masa ƙyallin motar amarya. Dubi na gaske: katakon ya koɗe, ga kwalta a inda aka toshe tsaga, ga facin gwangwani da tsatsa ta bi ƙusoshinsa. Ruwan shayi mai kauri yana tsufar da farin katako, ɗan man takalmi ruwan ƙasa a tsumma yana fito da jijiyoyinsa. Da hunturu kuma a kife kwali a kan aikin, in ba haka ba ƙura za ta zauna a ɗanyen fenti, ba ta fita.

Wani uban zai yi tambaya ta fuskar addini. Saɓanin malamai a kan sura mai rai yake. An ruwaito Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga bishiyoyi da abin da ba shi da rai, jirgi kuwa yana cikin wannan. Wanda yake da shakku sai ya bar jirginsa ba matuƙi. Abin da ya fi cancanci tsoro shi ne reza a hannun ƙaramin yaro, da warin fenti a rufaffen ɗaki, da kuma gwaji a bakin dam. Bahon wanki ya ishi gwaji, in jirgin yana kifewa a manna ƙusoshi biyu ko uku a ƙasansa.

Malaman lissafi na firamare da ƙaramar sakandare a Jibiya da Magama suna koyar da rabawa da kwatanta adadi a kan allo, yara suna haddacewa suna mantawa. Kafin karan bana ya ƙare a danga da murhu, ku sa kowane ɗalibi ya auno abu ɗaya na gaske, kwale-kwale ne ko tirela, ya kawo shi aji a ma'aunin 1:20. Iyaye kuma, in kun tarar da yaro a bayan ɗaki yana fiƙar kara, ku bar yi masa tsawa, ku saya masa rula.